Fulotin da Na Ce Tudu Ne

Duk rubutun da nake sakawa a shafina a wancan lokacin, da kalma huɗu nake rufe shi: na taka da ƙafata. Ba don ado na fara faɗin haka ba. Haushi ne ya sa, haushin dillalan da ke wuni a kan benci ƙarƙashin darbejiya suna sayar da filin da ko hanyarsa ba su sani ba. Ni malamin firamare ne. Ana tashi daga makaranta sai in hau tsohon mashin ɗina in nufi gefen gari, in zagaya fili kusurwa huɗu, in ɗauki hoto, in tambayi maƙwabta, in dawo in rubuta abin da na gani. In wuri kwari ne, in ce kwari ne. In burtali aka yanka aka kira shi fuloti, in faɗa. In gida damshi ya ci gindin bangonsa aka shafe da sabon fenti, in kankare fentin da farce in ɗauki hoton wurin.

A Haɗeja mai neman fili ba kuɗi yake fara tambaya ba, ba kuma takarda ba. Cewa yake yi, "Ruwa yana zuwa?" Amsar da ta fi kwantar wa kowa da hankali kuwa ɗaya ce: ko shekarar babbar ambaliya bai zo nan ba. Da waccan shekarar muke auna komai. Wanda gidansa ya tsira a cikinta yakan faɗa da ƙarfi, kamar shi ya hana ruwan da hannunsa.

Da farko masu karanta ni ba su wuce abokan aikina da matata ba, ita ma sai na ce mata, "Kin gani kuwa?" Sai wata rana na saka bidiyon wani gida da ake talla, na nuna layin da ruwa ya bari a bayan ƙyauren ɗaki, inda mai fenti ya manta. Kafin mako ya zagayo wayata ta daina hutawa. Mutanen Malam Madori suna tambaya, na Miga suna turo hotunan gonaki, 'yan garinmu da ke Legas da Fatakwal suna cewa in je in dubo musu fili kafin su turo wa ƙannensu kuɗin saye. Dattawan da ba sa karatun boko suna aiko da saƙon murya, su fara da gaisuwa mai tsawo, su tambayi iyali da ɗalibai, sai can ƙarshe su ce akwai wani kango. Duk ina saurara, duk ina amsawa, wani lokaci tuwona ya huce a gabana.

Ba zan ɓoye ba, kaina ya fara girma. Mai tsire yana ƙara mini yanka. In na ratsa kasuwa sai in ji ana cewa, "Ga mai takawa da ƙafa nan." Dillalai sukan yi shiru in na tsaya da mashin, ni kuwa shirun nan daɗi yake yi mini.

Cikin masu biyo ni akwai wata malamar jinya, 'yar wani ƙauye ta wajen Baturiya, ta daɗe tana aiki a wani asibiti can kudu. Ban taɓa ganinta ba, Hajiya kawai nake ce mata. Saƙonta kullum na murya ne, in ta tashi daga aiki, muryar duk ta gaji. Ba ta yabo sosai, tambaya take yi, kuma in na ba da amsar da ba ta cika ba sai ta ce, "Malam, wannan ba ka taka ba, ji ka yi." Saboda haka na fi ganin girmanta a kan masu jera mini addu'a.

Wata rana ta ce tana neman fili a Haɗeja, za ta gina wa mahaifiyarta ɗaki biyu. Ta ce, "Malam, Iya in damina ta yi nisa ba ta sauko da ƙafa daga gado sai ta fara miƙa hannu ta shafa ƙasa, ta ji ko ruwa ya shigo. Tun ina yarinya haka take. Ina so kafin ta bar duniya ta yi damina ɗaya ba ta shafa ƙasa ba. Ban ce kusa da kasuwa ba, ban ce bakin titi ba. Tudu kawai nake so."

Na ce mata ta bar mini wannan.

A cikin ranin nan Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya samu wata gona a gefen gari, magada suka ba shi ya yanka ya sayar. Kawu dillalin filaye ne tun ban yi wayo ba. Bayan rasuwar mahaifina shi ya riƙa ɗora ni a bayan kekensa, shi ya koya mini awon fili da taku, da yadda ake gane iyakar gona daga tsohon gamba. Duk abin da nake taƙama da shi a shafina, tushensa daga wurinsa ne, ko da yake ban taɓa rubuta haka ba.

Ya kai ni wurin da hantsi. Fili ne shimfiɗaɗɗe, jan burji ko'ina, ga goruba uku a tsaye ta gefen kudu. Na zagaya shi kusurwa huɗu. Na tambayi mutum uku da ke da gonaki a kusa, kowanne daban, ba a gaban Kawu ba. Duk ukun abu ɗaya suka ce: ko shekarar babbar ambaliya ruwa bai zo nan ba. Ɗaya har rantsuwa ya yi, ya ce a nan ya tara geronsa a shekarar.

Na dawo na rubuta cewa tudu ne. Na saka hotuna, na rufe da kalmomina huɗu. Ban karɓi la'ada ba, kuma na faɗi haka a rubutun, don ina son a sani. Abin da ban faɗa ba shi ne mai sayarwar kawuna ne. Na ce wa kaina wannan ba ya cikin labarin fili.

Hajiya ta ɗauki na kusurwa, wanda ke kusa da gorubar. Wasu ma suka saya. Kafin bazara ta ƙare an haƙa mata harsashi, an zuba kankare, bulo ya fara hawa. Ta roƙe ni in riƙa leƙawa duk Asabar ina turo mata bidiyo, don ta tura wa ƙanwarta ta ƙauye ta nuna wa Iya. Na riƙa zuwa da murna. Gini ya kai taga, ya wuce, aka zuba linta. A ƙarƙashin kowane bidiyo mutane suna ta sa albarka, wasu suna cewa su ma a wurin nan za su saya.

Asabar ɗin da aka yi ruwan shuka na biyu, na isa na tarar da wani tsoho a gindin gorubar, taku kaɗan daga bangon Hajiya. Yana da ƙarfe a hannu yana haƙa rami, ga wani kakkauran itace a yashe kusa da shi. Ƙafafunsa duk sun tsattsage, irin na masunta.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Saniya za a ɗaure ne?"

Bai ɗago ba ya ce, "Jirgi."

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Na dubi gabas na dubi yamma, babu ko kududdufi. Ya ɗaga itacen ya kafa a ramin, ya fara dannawa da dunduniya.

Na ce, "Baba, nan ai ko shekarar babbar ambaliya ruwa bai zo ba."

"Bai zo ba."

"To?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Kai ne malamin da ke ɗaukar hoto? Shekarar da kuke ta faɗa ɗin nan, ina ruwan ya tafi?"

Na sani, kowa ya sani. Jingar da ke tare kogi ce ta ɓalle ta can sama, ruwan ya kwarara cikin gonaki da ƙauyuka. Na faɗa masa haka.

Ya ce, "To ka gani. Wasu suka sha shi, ku kuka tsira. Ka je ka ga jingar nan yanzu? An cike inda ta ɓalle, an ɗaga ta, ta fi ka tsawo. Ta ƙasa kuma ciyawar kacalla ta cinye hanyar kogin, ko goran masunci ba ya wucewa. In an sako ruwan dam daga sama bana, ina kake so ya bi? Nan tsohuwar hanyarsa ce. Ina yaro a gindin gorubar nan ubana yake ɗaure jirgi."

Na buɗe baki zan yi gardama, don gardama ba ta yi mini wuya. Bai jira ba. Ya taka zuwa jikin bangon Hajiya ya caka ƙarfen a ƙasa, ya karya jan burjin, ya ƙara cakawa. Bai kai kamu ɗaya ba launi ya sauya. Ya sa hannu ya ɗebo baƙar laka, ya murje ta a tafinsa, ya miƙo mini. Katantanwa ce a ciki, ƙanana, farare, sun fi goma.

Na tsaya da lakar a hannu ina kallon ginin da ya rage kwano kawai. Na taka filin nan da ƙafata, gaskiya ne, amma burjin da aka zuba na taka. Ban haƙa ba. Ban tambayi masunci ko ɗaya ba, manoman tudu na tambaya, su kuma suka ba ni amsar da ni kaina na zo da ita a baki. Bidiyon da ban ɗauka ba ke nan ranar.

Bayan la'asar na sami Kawu a zaurensa yana ɓarar gyaɗa. Na ajiye lakar a gabansa cikin leda. Ya leƙa, ya ci gaba da ɓararsa.

Na ce, "Kawu, filin nan hanyar ruwa ce."

"In ji wa?"

Na gaya masa duk yadda muka yi da tsohon. Ya saurara har na gama, sannan ya kakkaɓe hannu.

"Ƙarya na yi maka?"

"A'a, Kawu."

"Mutanen da ka tambaya a bayan idona, kana ganin ban sani ba, ƙarya suka yi maka?"

"Ba su yi ba. Amma burjin fa?"

"Wa ya taɓa yanka fili a garin nan bai zuba burji ba? Rabin unguwarku in ka haƙa katantanwa za ka samu. Masunci kuwa burinsa ke nan, ko'ina ya zama kogi. Shekara nawa ina wannan sana'a, sai yau wani mai gora zai koya mini ƙasa?"

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Ya yarda da abin da yake faɗa, kamar yadda na yarda da shi jiya. Har fuloti ɗaya ya ware wa babban ɗansa a wurin.

Na ce, "Zan rubuta, Kawu. Akwai waɗanda ba su fara gini ba, akwai masu shirin saye."

Ya ture gyaɗar gefe. Ya ce, "Ɗan nan, in ka rubuta ba kasuwata kaɗai ka kashe ba. Kai ka ce tudu ne. Gobe ka ce kwari ne. Jibi wa zai yarda da ƙafar taka? Kuma in damina ta wuce ruwa bai zo ba, ka hana tsohuwa shiga ɗakinta a banza, sai ka san abin da za ka gaya wa mutane. Uwarka ma kai za ka yi wa bayani, ba ni ba."

Na tashi na fita. Ledar ma a can na bar ta.

Kwana uku ban saka komai a shafin ba. Na je na ga jingar, ta fi ni tsawo kamar yadda tsohon ya ce. Na tambayi masunta biyu a bakin kogi, ɗaya ya ce tabbas ruwa zai bi ta gorubar, ɗaya ya ce sai dai in an yi damina mai nauyi. Na so ƙwarai in riƙe maganar na biyun. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, har yara su fara surutu.

Rana ta uku saƙon Hajiya ya shigo. Ban taɓa jin muryarta da haske haka ba. Ta ce, "Malam, ban ga bidiyon Asabar ba, lafiya dai? Kwano zai iso gobe, kafinta ya ce kwana huɗu ya gama. Iya ta raba kajinta, ta ba wa maƙwabciyarta rumbu. Dutsen niƙanta kawai ta ce ba za ta bari ba, na ce Iya a birni inji ake kai wa, ta ce ita da dutsenta. Ina so ta tare kafin ruwa ya yanke hanyar ƙauyen."

Na saurara sau biyu. Na fita bayan ajujuwa inda babu kowa, na danna waya na fara magana. Na farko na goge, don na ji ina ta kare kaina. Na biyu na goge, don na ɗora wa Kawu komai. A na uku na ce, "Hajiya, ki dakatar da kwanon. Na ce miki tudu ne, ban bincika yadda ya kamata ba. Ina tsoron filin nan hanyar ruwa ce. Ba ni da tabbas zai zo bana, amma ni ba zan sa uwata a ciki ba. Kuma wanda ya sayar miki kawuna ne, ban gaya miki ba." Na tura kafin in sake tunani.

Alama ta nuna ta saurara. Na zauna a kan wani karyayyen benci ina jiran amsa har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Da yamma na koma filin da fartanya, na haƙa a gaban kyamara, na nuna lakar da katantanwar, na faɗi maganar jinga da kacalla. Na faɗi cewa ni na ce tudu ne, na faɗi ko wane ne mai sayarwa a wurina. Wannan karon ban rufe da kalmomina huɗu ba, kunya ba ta bar ni ba.

Aka yi mini ca. Wasu suka ce dama sun san za a yi haka, duk mai yawan cewa shi na gaskiya ne a bincike shi. Wasu suka ce rabon la'ada ne ya haɗa ni da kawuna, shi ya sa na tona. Waɗanda suka saya suka kira ni, wani yana zagi, wani yana tambaya cikin sanyin murya ko ya ci gaba da gini, wanda ya fi zagin ciwo. Dillalan benci suka samu abin yi, in na wuce sai wani ya ɗaga ƙafarsa sama yana nuna wa 'yan'uwansa. Da na je gaida mahaifiyata, ta amsa gaisuwar, ta ce, "Ka kyauta," ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Abin mamaki, mabiyan shafin ƙaruwa suka yi fiye da kowane lokaci. Na san ba karatu ya kawo su ba, kallo suka zo yi.

Washegari na je filin na ga an sauke kwano, kafinta yana auna katako. Na ce masa ya dakata, ya ce shi ba ni na sa shi aiki ba. Kwana biyu ina jin ƙarar gudumarsa a kaina ko ina aji. A rana ta uku na tarar babu kowa, an ɗaure kwanon an kwashe, katako huɗu kawai a saman bango. Da yammar ranar saƙonta ya shigo, a rubuce, ba murya ba: "Na ji." Daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba.

Na samo sanda na yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, na kafa a kusurwar fulotin, kusa da turken tsohon. Kullum bayan makaranta sai in je in ɗauki hotonta in saka, ba tare da sharhi ba. Damina ta kankama, gero ya kai ƙugu, ya wuce kai. Sandata tana tsaye a busasshiyar ƙasa. Mako ya bi mako. A ƙarƙashin hoton ana rubuta, "Malam, yau ruwa ya kai ina? Mu taho da gora?" Ɗan Kawu ya fara sauke bulo a nasa fulotin, da gangan a lokacin da ya san ina zuwa.

A nan ne na ga wani abu a zuciyata da har yau nake jin kunyarsa. Na fara fatan ruwan ya zo. In hadari ya haɗu ta gabas sai in ji sanyi a raina. In na ji an ce kogi ya ƙaru sai in yi saurin tambayar kamu nawa. Ni da na tashi a garin da ake kwana ana cika buhu da ƙasa don tare ruwa, ni ne nake leƙen sama ina so a gaskata ni, ko da ginin baiwar Allah zai nutse. In kuma na tuna Iya tana can ƙauye, ta raba kajinta, tana shafa ƙasa saboda maganata, sai in rasa wanne zan roƙa. Salla nake yi in kasa addu'a a kan lamarin.

A cikin watan takwas aka ce an sako ruwan dam daga sama. Bai zo da ƙara ba. Ranar farko tururuwa na gani suna hawa gorubar a jere, ɗauke da ƙwansu. Rana ta biyu ciyawar kudu da filin tana ƙyalli, na taka na ji takalmina ya nutse. Rana ta uku ruwa ya taɓa gindin sandar. Na ɗauki hoton, na tsaya ina kallonsa a waya, ban saka ba. Bayan mako ɗaya babu sandar, babu hanyar da nake bi da mashin, bulon ɗan Kawu ya ɓace. Jinga ta riƙe, gari ya tsira, ana ta hamdala a masallatai. Wasu suka ɗauki bidiyon wurin daga bakin titi suka yaɗa, aka dawo ana yabona a shafin, har da waɗanda suka ce za su zo da gora. Ban amsa wa kowa ba.

Sai ga saƙon murya daga Hajiya. Ta ce ruwa ya shiga ƙauyensu, bangon ɗakin Iya ɗaya ya zauna, ta ɗauki hutu ta zo ta fito da ita, suna gidan wata 'yar'uwarsu a cikin gari. Ta ce, "Iya tana so ta ga ɗakin nata. Na hana, ta ƙi. Ka samo mana jirgi gobe da safe."

Tsohon masuncin na nemo. Muka haɗu a bakin titi, inda ruwa ya tsaya. Hajiya doguwa ce, da tabarau, ta girme ni nesa ba kusa ba. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta ƙara ba. Iya kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaure zani biyu. Na miƙa hannu zan taimaka mata, ta wuce ni ta shiga jirgin da kanta, ta zauna daidai tsakiya ba tare da ya motsa ba.

Muka ratsa ta saman gonakin mutane, kan gero yana shafar jirgin. Da muka isa gorubar, tsohon ya sunkuya ya laluba, kan turkensa ya ɗan leƙo sama da ruwa, ya ɗaure igiya. Ga ginin nan a gabanmu, ruwa ya shiga ta ƙofa ya kai gindin taga, kainuwa tana yawo a cikin ɗakin.

Iya ta daɗe tana kallo. Ta ce wa 'yarta, "Wanne ne nawa?"

Hajiya ta nuna na gabas. Ta cire tabarau ta juya baya.

Iya ta ce, "Yana da faɗi." Ta sa hannu a ruwan ta motsa shi kaɗan. Sannan ta juyo gare ni. "Kai ne malamin da ke cikin waya?"

Na ce, "Ni ne, Iya." Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri da na kwana biyu ina shiryawa. Ta ɗaga hannu, ruwa yana ɗiga daga yatsunta.

"Da ka yi shiru, da yanzu ina cikin ɗakin can, ni da dutsena."

Na sunkuyar da kai. Wani abu mai kama da sauƙi ya fara saukar mini a ƙirji.

Ta ce, "Da kuma tun farko ka yi shiru, da yarinyar nan ba ta zuba wahalarta ta shekara da shekaru a cikin kogi ba. Duka biyun naka ne, ɗan nan. Kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya."

Tsohon ya kwance igiyarsa, ya juya jirgin. Har muka kai bakin titi hannun Iya yana cikin ruwan.